"Ya jiki?" ba ta isa ba: kiran waya ga wanda shanyewar ɓarin jiki ta taɓa sama-sama

Wanda shanyewar ɓarin jiki ta taɓa sama-sama shi aka fi yi wa sakaci. Ya fito asibiti da ƙafarsa, bakin da ya karkace ya koma daidai, 'yan uwa sun ce an auna arziki, sai a miƙa masa ledar magani da ranar dawowa bayan makonni. A wannan tazarar haɗarin yake, domin a kwanakin farko ciwon ya fi dawowa, kuma na biyun ba lallai ya zo da sauƙin na farko ba. Shi ya sa nake ganin ya kamata kiran waya daga nas ɗin da ta san fayil ɗinsa ya shiga cikin jinyar kanta.

Sai dai ba kowane kira ba. In an ce masa "ya jiki?" zai ce "da sauƙi", ko da daren jiya ya zame a banɗaki.

Kiran farko kada ya wuce kwana biyu da sallama. A sa shi ya ɗauko ledar, ya karanto sunan kowane magani, ya faɗi lokacin da ya sha na jiya, ya ƙirga ƙwayoyin da suka rage a kati. A nan ake kama kuskure. Idan toshewar jijiya ce ta jawo ciwon, likitoci kan haɗa aspirin da clopidogrel, magungunan hana jini yin guda, na kwana 21, sannan a koma guda ɗaya. Wani da ya ji ƙarfi sai ya ajiye duka, wani kuma ya yi ta shan biyun wata da watanni, yana jawo wa kansa zubar jini. Don haka a tambaye shi kai tsaye ko bayan gidansa ya yi baƙi, ko dasashi na jini, ko yana haɓo. A kuma tambayi abin da yake sha don ciwon gwiwa, domin ibuprofen da diclofenac na ƙara wannan haɗarin, kuma mutane ba sa lissafa su cikin magani.

Hawan jini kuwa lamba ake so a ji. Ya zauna minti biyar, baya a jingine, hannu a kan tebur daidai da ƙirji, ya auna sau biyu da tazarar minti ɗaya, safe da yamma, ya rubuta a takarda. Ga yawancin masu wannan ciwo ana neman ƙasa da 130/80. Idan lambobin sun yi ta hawa, a fara duba maɗaurin na'urar: wanda ya yi wa damtse kaɗan yakan nuna lamba sama da gaskiya.

Abin da ya fi ɓuya shi ne wanda ido ba ya gani. Gajiya mai kwantar da mutum da hantsi, mantuwa, saurin fushi, kalma ta maƙale a baki. Kusan ɗaya cikin uku na waɗanda suka yi wannan ciwo na faɗawa cikin ciwon damuwa, kuma wanda kowa ke cewa ya warke kunyar faɗa yake ji. A tambayi barcinsa, da ko ya daina abin da ya saba jin daɗinsa, da ko yana tari in ya sha ruwa, domin ƙwarewar da ake rainawa ita ke kai ruwa huhu. Sannan a nemi mai jinyarsa a yi magana da shi daban. Sau da yawa labarin biyu ba ya zuwa ɗaya.

Idan maganarsa ta taɓu, a yi tambaya ɗaya a jira, kada a ƙarasa masa jimla. Kiran bidiyo ya fi, in da hali.

Wayar tana da iyaka, kuma dole a faɗa masa a kowane kira. Baki ya karkace, hannu ya saki, magana ta harɗe, ko ido ɗaya ya dushe, asibiti za a nufa nan take, ko da alamar ta wuce cikin minti goma. A riƙe lokacin da aka gan shi lafiya na ƙarshe, domin allurar narkar da gudan jini galibi cikin awa huɗu da rabi ake yin ta. Kada kuma a ba shi ƙarin aspirin a hanya: sai hoton ƙwaƙwalwa ya nuna ko jijiya ce ta toshe ko fashewa ta yi.