Birnin Kano ba shi da asusun kansa

Duk shekara idan damina ta kankama, hotuna iri ɗaya ne ke cika Facebook: ruwa ya tsaya a titi, ya kutsa shaguna, kwata ta cushe da leda da robobin lemo. Mu yi ta zagin gwamnati, gwamnati ta ce laifin masu zuba shara a magudana ne, daga nan kowa ya yi shiru sai baɗi. Ni abin da ke damuna shi ne ba na jin ana tambayar inda kuɗin gyaran kwatar zai fito, da kuma wanda ke riƙe da su.

Birnin da muke kira Kano a yau ya ratsa ƙananan hukumomi takwas: Birni da Kewaye, Dala, Gwale, Fagge, Nassarawa, Tarauni, Kumbotso da Ungogo, kuma gine-gine sun riga sun tsallaka cikin Dawakin Kudu da Gezawa da Dawakin Tofa. Ana ƙiyasin mutanen ciki sun haura miliyan 4. Amma babu wata hukuma ɗaya da za ka nuna ka ce ita ce gwamnatin birnin, mai kasafinta, mai kuɗin shigarta, wadda za a ritsa idan abu ya lalace. Tsara gari na hannun KNUPDA, shara na hannun REMASAB, hanya na hannun KAROTA da ma'aikatar ayyuka, ruwa na hannun hukumar ruwa, kuma dukkansu suna jiran abin da gwamnatin jiha za ta sakar musu daga kasafin da ake raba wa ƙananan hukumomi 44. Ruwan da ya sauka a Gwale ba ya tsayawa a iyakar Dala ya nemi izini, amma kuɗin da za a yi masa hanya sai ya bi ofis biyar kafin ya fito.

A takarda kuwa ba haka abin yake ba. Tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa ƙaramar hukuma kula da kasuwanni da tashoshin mota da kwashe shara da gina magudanan ruwa da fitilun titi, ya kuma ba ta ikon ƙiyasta gidaje domin karɓar haraji a kansu. Sai dai asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi ya mayar da ciyamomi masu zuwa karɓar albashin ma'aikata kawai. A watan Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, na kuma yi murna da hukuncin. Amma ko an aiwatar da shi sak, kason da ake magana kashi 20.60 ne cikin 100 na asusun tarayya, ana raba shi tsakanin ƙananan hukumomi 774, mafi yawansa kuma albashin malaman firamare da ma'aikatan lafiya ke cinye shi. Ba da wannan za a gina magudanar da za ta ɗauke ruwan birni mai mutum miliyan 4 ba.

Kano ta taɓa yin aiki da kuɗinta. Zamanin En'e, daga baitulmalin Kano aka fitar da kuɗin aikin ruwan Challawa da wutar lantarki da aka buɗe a 1931. Ba ina yabon wancan tsari ba ne gaba ɗayansa, domin iyayenmu sun ba mu labarin yadda ake shanya talaka a rana saboda haraji, da yadda makiyayi ke gudu da shanunsa saboda jangali. Shi ya sa da Abubakar Rimi ya soke su bayan ya hau mulki a 1979, jama'a suka yi ta murna, kuma suna da gaskiya. Abin da ya biyo baya ne ya cuce mu. Kuɗin man fetur suka maye gurbin, gwamnati ta daina buƙatar aljihun ɗan gari, ɗan gari kuma ya daina jin yana da hurumin tambaya. Ba a kawo wani haraji mai adalci ya maye gurbin na zalunci ba, sai aka koma jiran ƙarshen wata daga Abuja.

Alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na 2023 sun nuna Legas ta tara sama da naira biliyan 800 a cikin gida, Kaduna sama da biliyan 60, Kano kuwa ba ta kai biliyan 40 ba. Garin Kantin Kwari da Singa da Dawanau da Sabon Gari da Farm Centre! Duk wanda ya san yawan kayan da ke shiga da fita a waɗannan kasuwanni a rana ɗaya ya san matsalar ba rashin dukiya ba ce.

Kuma kada wani ya ce Kanawa ba sa biya. Suna biya, sai dai masu biyan su ne marasa ƙarfi. Ɗan adaidaita sahu ya sani, har yajin aiki suka yi a 2021 kan naira 100 ta kullum. Mai tebur a bakin kasuwa ya sani, rasit kala-kala ake miƙo masa, wani ma ba rasit. Sannan ga wanda muke biya ba tare da mun kira shi haraji ba: kuɗin ɗan garuwa, kuɗin yaron da ke kwashe shara a baro, kuɗin 'yan sintiri, karo-karon gyaran taransfoma, man janareta. Mai hali ya haƙa burtsatse a gidansa ya huta, matar da ke haya a ɗaki ɗaya a Kurna ko Rimin Kebe ita ke sayen jarka kullum, lita ɗaya ta fi tsada a wajenta fiye da a wajen mai gidan sama. Ashe dai muna kashe kuɗin gudanar da birni, kowa a ƙofar gidansa, ta hanya mafi tsada, kuma babu abin da ke taruwa.

Wanda ya fi kowa cin moriyar birni shi ne mai fili. Mutum ya sayi gona a gefen gari ya kewaye ta ya tafi harkarsa. Gwamnati ta zo ta shimfiɗa titi da kuɗin jama'a, aka ja wuta, mutane suka tare, filin ya ninka kuɗinsa sau da yawa ba tare da ya ɗora bulo ɗaya ba. Wannan ribar jama'a ce suka samar da ita, amma ko sisi ba ya komawa ga jama'a, in ban da ɗan kuɗin ƙasa na shekara da da yawa ba sa ma biya. Haka manyan plaza da gidajen mai da rukunin gidajen haya. A biranen duniya da yawa da ke tsaye da ƙafarsu, harajin gida da fili shi ne ginshiƙi, saboda gida ba ya ɓuya, ba ya ƙaura zuwa wata jiha, kuma darajarsa na tashi ne daidai da yadda birnin ke gyaruwa.

Ba sai mun je Turai neman misali ba. Freetown, babban birnin Saliyo, ya fi mu talauci. A 2020, ƙarƙashin magajiyar gari Yvonne Aki-Sawyerr, sun yi amfani da hoton tauraron ɗan'adam suka auna rufin kowane gini, ma'aikata suka bi gida-gida suna rubuta abin da ido ke gani: da me aka yi bango, wane irin rufi, akwai titi a ƙofa ko babu. Kowane abu da makinsa, maki ne ke fitar da kuɗi, an kuma rubuta lissafin a jikin takardar da ake kai wa mai gida, yadda zai duba ya yi ƙorafi idan an zalunce shi. Gidajen da ke cikin rajista suka tashi daga kimanin dubu 30 zuwa sama da dubu 100, nauyin ya koma kan manyan gidaje, ƙananan gidaje da yawa ma nasu raguwa ya yi. Abin da ya fi burge ni shi ne an rage wa ma'aikaci damar tsayawa a soro ya yi ciniki da mai gida. Mu ma muna da KANGIS, hukumar taswira da bayanan filaye ta jiha, kayan aikin ba baƙi ba ne a wajenmu.

Na san abin da za a ce: a wannan tsadar rayuwa za ka kawo maganar sabon haraji? Tambaya ce mai nauyi, ba na raina ta. Legas ma da ta fara nata harajin gida da fili tun 2001, da ta tsawwala kuɗin a 2018 jama'a suka tayar, dole gwamnati ta rage. Don haka ni ban ce a taɓa gidan gado na cikin Badala da marayu ke zaune a ciki ba, ko gidan ɗan fansho, ko mai ɗaki biyu a Ɗorayi. A fara da gine-ginen kasuwanci, da manyan gidaje, da filayen da aka kewaye aka bari shekara da shekaru ana jiran su yi tsada. Ranar da aka fara karɓar wannan, a soke tarkacen rasit ɗin da ake bin mai tebur da su. Kuma a rubuta a doka cewa wani kaso na abin da aka tara a unguwa a unguwar zai tsaya, a liƙa lissafinsa a ƙofar gidan mai unguwa da masallacin Juma'a. Mutumin da ya ga an yashe kwatar layinsu kafin ruwan farko ba sai an aiko masa da jami'an tsaro baɗi ba.

Sai maganar bashi, wadda ita ce gwamnoninmu suka fi so, domin gadar sama tana fitowa a hoto, yashe kwata ba ya fitowa. Ban ƙi bashi ba. Babu birnin da ke gina matatar ruwa ko layin dogo da kuɗin shekara ɗaya. Amma da ruwan ciki ake jan na rijiya. Kaduna ta karɓi dala miliyan 350 daga Bankin Duniya lokacin dala ba ta kai naira 400 ba, an yi tituna, kowa ya gani. Da naira ta faɗi dala ta haura 1,500, bashin ya kumbura, har Gwamna Uba Sani ya fito a 2024 ya ce ya gaji bashin dala miliyan 587 kuma biyansa na cinye kason jihar. Titi ba ya kawo dala, jama'ar da ke bin sa naira suke samu. Bashin aikin birni ya kamata ya zama na naira, mai dogon zango, wanda aka san takamaiman kuɗin shigar da za su biya shi. Ga masu gudun kuɗin ruwa, hanya a buɗe take: Osun ta fitar da sukuk, wato takardun bashi na tsarin Musulunci, a 2013 ta gina makarantu, gwamnatin tarayya ta fara nata a 2017 da naira biliyan 100 na tituna. Attajiran Kano da ke binne kuɗinsu a filaye za su iya saka su a sukuk ɗin ruwan sha, idan sun ga littafin lissafin kuɗin da aka bincika aka tabbatar.

Littafin nan shi ne inda muke faɗuwa. Ana ta maganar kuɗin sauyin yanayi da ke yawo a duniya. Johannesburg ta sayar da takardun bashi na ayyukan kare muhalli a 2014, Cape Town ta bi sahu a 2017 ta zuba a harkar ruwa. Sun samu ne saboda suna da asusun kansu, da rajistar masu biya, da rahoton binciken kuɗi na kowace shekara. Dakar ta shirya tsaf a 2015 za ta fitar da nata, gwamnatin tsakiya ta taka birki ana dab da farawa, wanda ke nuna ko birni ya gyara littafinsa sai na sama sun sakar masa mara. Mu ko matakin farko ba mu taka ba.

Da babu kuɗin shiga mai ɗorewa, sai aka koma sayar da abin da aka gada. Kududdufan da kakanninmu suka bari suna shanye ruwan sama an cike su an yanka filoti. Jikin ganuwa, harabar makarantu, filin wasan yara, duk an mayar da su shaguna. Kuɗin fili sau ɗaya ake karɓa, ambaliyar da cike kududdufi ke jawowa kuwa kowace damina sai ta dawo. Rusau na 2023 da shari'o'in diyyar da suka biyo baya sun nuna yadda jama'a ke yin asara sau biyu, ranar sayarwa da ranar rushewa. Wanda kuma ya ga abin da ya sami Maiduguri a watan Satumbar 2024 da madatsar Alau ta ɓalle ya san kuɗin kula da abin da aka gina ba na wasa ba ne.

Tun da aka cire tallafin mai a 2023 kason da jihohi da ƙananan hukumomi ke samu ya ƙaru sosai, don haka yanzu ne ake da sararin yin rajistar gidaje ba tare da an ci bashi ba. Abin da nake roƙon 'yan majalisar jiha masu wakiltar ƙananan hukumomin nan takwas shi ne su kawo dokar da za ta kafa asusu ɗaya na birni, na magudanan ruwa da shara da fitilun titi, da wakilan 'yan kasuwa da na unguwanni a cikin masu sa ido, a riƙa wallafa abin da ya shiga da abin da ya fita duk wata uku. A gwada a kan titi biyu ko uku masu yawan plaza, irin su Zoo Road da titin Murtala Muhammad, a shekara ɗaya, a nuna wa masu shagunan nawa aka karɓa a hannunsu da kuma mita nawa na kwata aka gina da shi.