Yaron da ba a rubuta sunansa ba, wa zai ware masa kuɗi?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Rubutun nan zai ɗan yi tsawo, ku yi haƙuri da ni, abin ya daɗe yana cin raina.

Makon jiya na raka gwaggota wani ofishi a nan Gadarif, a gabashin Sudan. Jikanta take so ta sa a makaranta, ɗan 'yarta, yaro mai shekara tara da bai taɓa zama a aji ba. Uwarsa ta rasu a hanya lokacin da suka gudo daga garin Sinja saboda yaƙi a 2024, ubansa kuwa yana can wajen haƙar zinariya, sai a yi wata uku ba a ji muryarsa ba. Tun bayan asuba muka kama layi. Da muka isa gaban tebur aka ce a kawo shahadar haihuwa, wato takardar haihuwa. Babu. A kawo raƙam watani na uban, wato lambar ɗan ƙasa. Babu. To a zo da shaidu daga dangin uba. Gwaggo ta juyo ta dube ni ta ce, "'Yar nan, ni da na yanke masa cibi da hannuna, shaidata ba ta isa ba?" Na ce, "Gwaggo, ki yi haƙuri, mu koma gida mu sake shiri." Yaron yana tsaye riƙe da bakin mayafinta, babu abin da bai ji ba.

Ban ga laifin ma'aikacin ba, abin da aka ɗora shi a kai yake bi. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne, a idon hukuma wannan yaron ba ya nan. Ranar da za a zauna a raba kuɗin littattafai, ko allurar rigakafi, ko abincin makaranta, ba za a ƙirga da shi ba. Kuma ba shi kaɗai ba ne. Binciken da aka yi a faɗin ƙasar a 2014 ya nuna kusan yaro ɗaya cikin uku 'yan ƙasa da shekara biyar ba a yi masa rajistar haihuwa ba. Lokacin ofisoshi suna buɗe ke nan, mutane suna gidajensu. Yanzu fa, da miliyoyi suka fita da kayan jikinsu kawai?

Sudan ba ta rasa doka ba. Tun 1990 ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara. A 1991 aka kafa Majalisar Kula da Yara ta Ƙasa, kuma tana da rassa a jihohi. A 2010 aka yi Dokar Yara wadda ta ce duk wanda bai cika 18 ba yaro ne, ta hana sa shi aikin soja, ta ce ilimin farko haƙƙinsa ne kyauta. Akwai sashen 'yan sanda na kare iyali da yara. An taɓa shelanta cewa maganin 'yan ƙasa da shekara biyar kyauta ne. Duk wanda ya karanta waɗannan a takarda zai ce yaran ƙasar nan suna cikin gata. Amma mu da muke koyarwa mun san yadda kuɗi yake tafiya. Nauyin makarantar firamare a kan jiha da mahalliyya aka bar shi, wato ƙaramar hukuma. Mahalliyyar da ba ta da kuɗin shiga, makarantarta ba ta da alli. Sai majalisar iyaye ta yanka wa kowane uba abin da zai kawo, na ruwa, na gyaran benci, na mai gadi. Uban da yake da 'ya'ya bakwai sai ya zaɓi biyu, kuma kun san waɗanda ake bari a gida: mata. Ita kuma Majalisar Kula da Yara aikinta tsara manufa da haɗa kan ma'aikatu, ba ita ke riƙe da jakar kuɗi ba. An ɗora tukunya ke nan ba a hura wuta ba.

Duk wanda yake so ya ga ƙarshen irin wannan tsari, ya tuna da Maigoma. Gidan jarirai ne na gwamnati a Khartoum, inda ake kai 'ya'yan da aka tsinta ba a san iyayensu ba. Tun kafin yaƙi gidan ya yi suna wajen ƙarancin ma'aikata da yawan mace-mace, kuma rabin rayuwarsa da sadakar mutane yake yi. Da aka fara harbi ranar 15 ga Afrilu 2023, yawancin masu raino suka kasa zuwa aiki, wuta ta ɗauke, madara ta yi ƙaranci. Cikin makonni kaɗan jarirai fiye da 50 suka rasu, da yunwa da zazzaɓi da rashin mai ɗauka ya ba su abin sha a kan kari. Sai a watan Yuni ƙungiyar agaji ta Red Cross ta samu ta kwashe kusan 300 da suka rage zuwa Wad Madani. A watan Disamba Madani ma ta faɗi, aka sake ɗibar su zuwa gabas. Na sha zama ina tunanin matan nan 'yan ƙalilan da suka ƙi tafiya, kowace tana da jarirai da yawa a gabanta suna kuka lokaci guda, hannu biyu kawai gare ta. Waɗannan yara ba su da uba sai gwamnati. Babu kawu, babu gwaggo, babu maƙwabciya da za ta goya su ta gudu da su. Idan har waɗanda suke a hannunta kai tsaye ba a yi musu tanadin madarar wata guda da man janareta ba, ina ga jikan gwaggota da ba ta ma san da zamansa ba?

Za a ce yaƙi ne. Gaskiya ne, yaƙi ne, kuma Allah Ya isar wa yaran nan a kan duk wanda ya hura wannan wuta. A ƙarshen 2023 UNICEF ta ce yara miliyan 19 ba sa zuwa makaranta. A nan Gadarif mun ga azuzuwa sun koma ɗakunan kwana na mutanen Khartoum da Jazira da Sinnar, malamai kuma an yi watanni ba albashi. Amma yaƙin bai tarar da ginin da ƙarfinsa ba. Ku tuna da Samarat, shirin tallafin iyali da aka fara a 2021, dala 5 ga kowane mutum a wata. Kuɗin ba yawa, amma 'yan uwanmu na Kasala da suka samu sun ce ya sayi madara da sabulu da littafin rubutu. Daga aljihun masu ba da tallafi na waje yake fitowa ta hannun Bankin Duniya, shi ya sa da aka yi juyin mulkin 25 ga Oktoba 2021 aka rufe famfon. Kuma ko a lokacin da yake gudana, da raƙam watani ake shiga. Wanda ya fi kowa buƙata shi ne wanda ya fi rasa lambar.

Haka aka sake yi da takaya. Ga 'yan uwa na Najeriya da Nijar da ke karanta wannan, takiya (jam'inta takaya) ita ce girkin taron unguwa, inda matasa da mata ke ɗora manyan tukwane na adas ko balila, kowa ya zo da kwanonsa. Matasan ɗakunan agajin gaggawa ne suka riƙe wannan aiki, da kuɗin da 'yan uwa ke turowa ta Bankak, manhajar tura kuɗi ta waya, daga Saudiyya da sauran wurare, da ɗan abin da ƙungiyoyi ke bayarwa. Wallahi ban san adadin yaran da tukwanen nan suka tsare daga kabari ba. Amma da Amurka ta dakatar da tallafinta a farkon 2025, ɗaruruwan takaya suka sauke tukunya. Shawara aka yanke a Washinton, yaro ya kwana da yunwa a Omdurman. Ina godiya ga duk wanda ya taimaka daga nesa, Allah Ya saka. Sai dai abincin ɗan ƙasa bai kamata ya rataya a kan ra'ayin shugaban wata ƙasa ba, alhali ƙasar nan tana fitar da zinariya, da riɗi, da ƙaro, da dabbobi.

Mu Hausawa kuwa ciwonmu biyu ne. Kakanninmu sun sauka a bakin Shuɗin Nilu bayan yaƙin Burmi na 1903, garin Mai Wurno yana nan da sunan ɗan Sarkin Musulmi Attahiru. Wasu ma sun riga su zuwa a kan hanyar Hajji. Hannayenmu ne suka ɗebi audugar Jazira, suka yanki dawa da riɗin Gadarif. Duk da haka, har yau akan tambayi ɗan Bahaushe hujjar da ba a tambayar ɗan maƙwabcinsa. Sannan ga rikicin ƙabilanci na Yulin 2022 a Damazin da Rusairis, da na Oktoba a Wad al-Mahi, duk a jihar Shuɗin Nilu, inda aka kashe ɗaruruwan mutane aka ƙone gidaje. Takardun mutane da yawa a cikin wutar nan suka tafi. Akwai iyalan da suka bar jihar Shuɗin Nilu a 2022 suka fake a Sinnar, a 2024 suka sake gudu. Yaron da aka haifa tsakanin gudu biyun nan, a wane littafi aka rubuta shi?

Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, don haka bari in faɗi namu. Iyayenmu maza, da girmamawa nake magana. Da yawa daga cikinku kuna yanka ragon suna, ku ciyar da unguwa, amma tafiyar yini guda don yanko wa jaririn takarda sai ta gagara. Ana haihuwa a gida a hannun ungozoma, a ce sai ya girma a yi masa. Ya girma ɗin, ga shi a gaban tebur ana neman shaidu. Lokacin yankan riɗi kuma, wajen Oktoba, sai a zare yaro ɗan shekara goma sha biyu daga aji a tura shi gona, ya dawo an wuce shi, daga nan ya bar karatun gaba ɗaya. Na san talauci ne ke kawo wani abin, ni ma a cikinsa na tashi. Amma wani abin sakaci ne, kuma ya kamata mu kira shi da sunansa.

Sai maganar halwa, makarantar allonmu. Ni ba na cikin masu cewa a rufe ta. A ƙauyuka da yawa ita ce kaɗai wurin da yaro ke samun karatu da kwanon asida a rana. Malam yana riƙe da yara da yawa ba albashi, ba magani, ba mai leƙowa ya ga yadda suke kwana. Inda babu mai leƙowa kuwa, ɓarna tana samun wurin ɓuya, kuma rahoton da sashen Larabci na BBC ya fitar a 2020 ya nuna yara da sarƙa a ƙafa a wasu halwowi. Maganin wannan shi ne kuɗi da sa ido su zo tare. A Sudan zakka ba ganin dama ba ce, hukuma ke karɓa ta Diwanin Zakka, kuma a jiha kamar tamu buhunan dawa da riɗi nawa ake fitarwa kowace kaka? Ina so a liƙa a ƙofar kowace mahalliyya nawa aka tara, nawa ya tafi ga marayu da halwowi, da sunan kowace halwa. Wadda ta karɓi dawar zakka ta yarda ma'aikaciyar lafiya ta shigo ta duba yara, a rubuta sunan kowane almajiri da garin iyayensa, a koya musu lissafi da rubutu bayan karatun allo. Malaman kirki ba za su ƙi ba, na tambayi biyu a unguwarmu, cewa suka yi da ma shi suke jira.

Abin da na fi nema daga hukuma a yanzu bai kai kuɗin motar yaƙi ɗaya ba a kowace mahalliyya. A ɗauki ma'aikatan rajista a kai su inda yaran suke: makarantun da 'yan gudun hijira ke zaune, halwowi, layin takiya, ranar rigakafi. A yafe kuɗin takarda da tarar jinkiri ga duk yaron da yaƙi ya raba da gida. A karɓi shaidar uwa, ko kaka, ko ungozoma tare da limamin unguwa. A ba shugabannin makarantu umarni a rubuce cewa kada a mayar da yaro gida saboda takarda, a zaunar da shi a aji, takardar ta biyo baya. Sannan idan an zo rubuta kasafin kuɗi, a fitar da kason yara a layinsa daban, da lamba, wadda ɗan jarida ko malamar firamare kamata za ta iya karantawa ta tambaya ina aka kai. Gwamnati ta koma Khartoum bayan yaƙi ya fitar da ita, ana maganar sake gina gadoji da filin jirgi. Ina murna da hakan. Amma ɗan shekara tara da bai iya rubuta sunansa ba, in aka ƙara masa shekara uku a haka, ba aji zai nema ba, wanda zai ba shi bindiga da abinci zai bi, mun kuwa ga waɗanda suka bi.

Matasanmu da suka yi jami'a, ku ma akwai naku. Kun iya Larabcin ofis, kun san yadda ake cika takarda, iyayenku mata ba su sani ba. Kowa ya ɗauki gida biyar a layinsu.

Mu dai a unguwarmu mun fara. Ranar Asabar bayan la'asar za mu zauna a zauren malam da littafi, mu rubuta sunan kowane yaro da ba shi da shahada, da sunan uwarsa da ubansa da garin da aka haife shi. Wadda take da katin rigakafi ko katin awo ta zo da shi ko da ya yage, yana taimakawa. In mun gama za mu ɗauki littafin tare da dattawa biyu mu kai mahalliyya gaba ɗaya, maimakon kowace tsohuwa ta je ita kaɗai a juyo da ita. Jikan gwaggo shi ne na farko a shafin. Kafin nan ina zaunar da shi a bayan ajina da safe, ya riga ya kai harafin jim.