Rashin jin yunwa bayan atisaye ba ƙoshi ba ne

Mutane da yawa, har da wasu masu horarwa, sun ɗauka cewa ɗan wasa ba ya buƙatar a sa masa ido a kan abinci, wai in jiki na so, yunwa za ta faɗa masa. Ba haka abin yake ba.

Atisaye mai tsanani kan danne yunwa na ɗan lokaci. Sinadarin girelin, wanda ciki ke fitarwa don tayar da sha'awar abinci, yakan ragu bayan gudu mai zafi. Shi ya sa za ka ga mai tsere ya dawo jiƙe sharkaf da gumi, a ajiye masa abinci, ya ɗan tsakura ya ture kwanon, alhali jikinsa ya ƙona abin da ba a mayar masa ba. In aka jera makonni a haka, sai giɓin ya taru.

Jiki kuwa ba ya zama haka nan, tsimi yake farawa. Ga mata al'ada ta ɗauke, ga maza sinadarin namiji ya ragu, ƙashi ya yi rauni har ya riƙa tsagewa, gajiya ta ƙi tafiya. Abin takaici, wasu na ɗaukar ɗaukewar al'adar nan a matsayin shaidar horo ya kama.

A 2014 Kwamitin Olamfik na Duniya ya sa wa matsalar suna RED-S, wato ƙarancin kuzari a jikin ɗan wasa saboda abin da yake ci bai kai abin da yake ƙonawa ba, ya kuma nuna cewa ba mata kaɗai take kamawa ba.