Shafin intanet haya ne, ku daina ɗora mana laifin bashinku

"Malam, shafina ya daina buɗewa, me ka taɓa?" Duk mai sana'ar ƙera shafukan intanet a Kano ko Kaduna ko Jos ya san wannan kiran, kuma ya san da irin muryar da ake yin sa. Galibi babu abin da aka taɓa. Wa'adin sunan shafin ne, wato adireshinsa na intanet, ya cika, an tura wa mai shi saƙo sau uku ko huɗu cewa ya kawo kuɗin sabuntawa, ya karanta ya yi gum. Ranar da shafin ya mutu kuma sai ya tashi da faɗa, har da cewa an yaudare shi, ai shi ya biya kuɗinsa tun bara.

Mun gaji da wannan zargi. Shafin intanet ba kujera ba ce da kafinta zai ƙera ya miƙa maka shi ke nan. Sunan shafin haya ne na shekara. Masaukin da fayiloli suke zaune a kai, wato sabar, shi ma haya ne. Wasu manhajojin da ake ɗorawa a kan WordPress, wato manhajar gina shafuka, lasisinsu na shekara ne. Takardar tsaron da ke sa ɗan kwaɗo ya bayyana a gefen adireshi, ko ta kyauta ce irin ta Let's Encrypt, kwana 90 take yi ta ƙare, in sabuntawar kai tsaye ta cije sai Chrome ya fara gargaɗin masu ziyara cewa shafin ba amintacce ba ne. Kuma sunan .com in ya ƙare ba ya jiran kowa. Kamfanin rajista zai ba da 'yan makonni na rangwame, waɗanda ba sa wuce kwana 45. Bayan nan sai kwana 30 na fansa, inda kuɗin karɓo sunan ya ninka na sabuntawa sau da yawa. Sai kwana 5 na jiran gogewa, daga nan ya koma kasuwa, duk wanda ya riga ya ɗauka. Akwai masu zaman dakon irin waɗannan sunaye, su saye su sa farashin da suka ga dama. Sunan da ke kan allon shagonka da katinka da rasit ɗinka ya zama na wani, saboda kuɗin da bai kai na man motarka na mako ba.

Abin da ya fi ciwo shi ne duk waɗannan hayoyi da dala ake biyan mafi yawansu, mu kuma da naira ake biyanmu. Kafin watan Yunin 2023 dala a hukumance tana wajen naira 460. Bayan Babban Banki ya saki farashin, zuwa farkon 2024 ta haura naira 1,500. Masauki da lasisin da suka kama dala 100 a shekara, lissafinsu ya tashi daga naira 46,000 zuwa 150,000, alhali ko layi ɗaya ba a ƙara a shafin ba. Je ka faɗa wa Alhaji haka ka ji. "Bara ba nawa ka karɓa ba? Ko kai ma ka shiga sahun masu tsawwalawa?" Shi da kansa ya ƙara kuɗin buhun shinkafarsa sau nawa a wannan tsakanin, amma namu ƙarin ne zalunci. A ɗaya gefen kuma Verisign, mai riƙe da .com, ya ɗaga farashinsa na sari zuwa dala 10.26 a watan Satumban 2024. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Ko kuɗin yana hannu, biyan ma wahala ce. A 2022 bankuna suka rage abin da katin naira zai iya kashewa a waje zuwa dala 20 a wata, daga baya da yawansu suka rufe gaba ɗaya na tsawon lokaci. Dole aka koma katunan dala na manhajar waya, masu nasu farashin canji da nasu caji, kuma sau da yawa kamfanin waje ya ƙi karɓar katin ana saura kwana ɗaya masauki ya rufe. Shi ya sa muke cewa duk kasuwancin da abokan cinikinsa suke cikin Najeriya ya ɗauki .com.ng ko .ng, wanda NiRA, ƙungiyar rajistar sunayen intanet ta Najeriya, ke kula da shi, ana biya da naira ta hannun kamfanonin rajista na gida. Amma sai mai shago ya ce shi .com yake so don ya fi girma, in lokacin biya ya zo kuma ya ɓace.

Wuta kuwa ba a magana. Laftof galibi ba ya cin fiye da wat 65, na'urar intanet wajen wat 10, amma wannan ɗan abin ma ba ya samuwa. A watan Afrilun 2024 aka kai kuɗin wutar rukunin A naira 225 kowane yunit da alkawarin awa 20 a rana. A watan Oktoban wannan shekarar layukan da ke kawo wuta Arewa suka lalace, jihohi suka yi fiye da mako guda cikin duhu, a daidai lokacin da litar fetur ta haura naira 1,000. Ƙaramar sana'a ba ta da yadda za ta yi sai ta sayi inbata da batir da faranti na sola, kuɗin da babu wanda zai yarda a saka masa a lissafin aiki. Sai ga ƙarin kashi 50 cikin 100 na kuɗin kira da data da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da shi a Janairun 2025. Kuma in wuta ko sabis ya yanke ana tsakiyar sabunta WordPress, shafin yakan maƙale a kan saƙon gyara, sai a shiga masauki a goge fayil ɗin .maintenance da hannu. Mai shafin ba ya ganin wannan, abin da ya gani kawai shafinsa ya tsaya minti ashirin.

Sannan ga jan ƙafa wajen kawo kayan aiki. An yi ciniki, an ba da kafin alƙalami, an ce mako uku. Mako shida ya wuce ba a kawo bayanin kamfani ba, ba farashin kaya, ba hoto. In hoton ya zo, ta WhatsApp zai zo, an riga an matse shi ya dushe. Tambarin kamfani kuwa hoton allon shago ne aka ɗauka da waya, da inuwar mai ɗaukar a jiki. Ko kuma akasin haka, a ba yaron ofis makullin shafi ya ɗora hotuna arba'in kowanne megabait 5, alhali hoton shafi bai kamata ya wuce kilobait 200 ba, sannan a bugo a ce shafin yana nauyi. Ana gamawa sai gyare-gyare: a canza launi, a mayar da na da, a ƙara wurin biya da kati, "ai ɗan ƙaramin abu ne." Ba ƙaramin abu ba ne, sabon aiki ne na kwanaki, da haɗa asusu da gwaji. Ciko kuma sai a ce sai Hajiya ta gani, sai an dawo daga Umara.

Mu ma a cikinmu akwai masu ɓata sana'ar, kuma ba za mu rufa musu asiri ba. Wanda ya ce zai yi maka shafin kasuwanci a naira dubu ashirin, tambaye shi a ina ya samo rigar shafin, wato tsarin fuskarsa, da manhajojin. Na sata ne aka fasa musu lasisi, ba sa karɓar sabuntawa, kuma sau da yawa an dasa ɓoyayyar ƙofa a cikinsu. Wata uku ba za a yi ba sai shafin makarantar Islamiyya ya koma tura iyayen yara zuwa dandalin caca, Google ya sa masa jan gargaɗi. Babu ajiyar kwafi ko ɗaya, don ba a taɓa saita ta ba. Araha ba ta ado. Mafi muni, irin waɗannan suna yin rajistar sunan da imel ɗinsu. Ranar da suka canza layi ko suka tafi bautar ƙasa, mai shafin ba shi da hanyar karɓo lambar sirrin da ake mayar da suna da ita zuwa wani kamfani. Sai a kawo mana gawar a ce mu tashe ta, a kuma ce kada kuɗin ya yi yawa tunda an riga an biya wancan.

Ko rubutun Hausa ba su iya tsayawa su duba ba. Ƙananan ɓ da ɗ da ƙ ba kowane salon haruffa ne yake da su ba, shi ya sa za ka ga "ƙasa" da harafin farko ya fita daban ko ya zama akwati. Maganin bai wuce zaɓar salo irin Noto Sans ko Andika da tabbatar da rumbun bayanai yana kan tsarin adana haruffa na utf8mb4 ba. Haka imel ɗin kamfani da ke faɗawa kwandon shara, yawanci SPF da DKIM da DMARC, wato saitunan tabbatar da mai aiko imel, ne ba a saita ba, kuma tun Fabrairun 2024 Gmail da Yahoo suka tsaurara a kan haka. Duk aiki ne na ilimi da lokaci, amma ana so a yi shi kyauta a matsayin gyara.

Saboda haka kada kowa ya ji haushi in an miƙo masa takarda kafin a fara. Rabin kuɗi a gaba, cikon kafin a ɗora shafin a kan sunansa. Zagayen gyara biyu, na uku da kuɗinsa. Suna da masauki a yi rajistarsu da imel da lambar mai kasuwancin, ya riƙe makullinsa a hannunsa. Kuɗin sabuntawa a rubuta shi da dala, a biya da farashin ranar, wata guda kafin wa'adi. Kula da shafi, wato sabunta manhajoji da ɗaukar kwafi duk mako a ajiye shi a wajen masaukin, kuɗinsa daban ne duk wata. Wanda bai biya ba, ranar da shafin ya tsaya ya buɗe imel ɗinsa ya duba, zai tarar da gargaɗin da kamfanin rajista ya aiko masa saura wata guda, da na saura mako guda, duk suna nan bai buɗe ba.