Yadda na wanke allon Samaru da hannuna

Wallahi duk wanda ya ce maka aikin kwamfuta zama ne kawai a sanyi ana danne-danne, to bai taɓa riƙe sabar shagon sari ba, wato kwamfutar da ke ajiye duk bayanan shago. Ni ne "injiniya" a wani shagon kayan masarufi a Sabon Gari, muna da reshe a Samaru, kuma duk lissafin kaya da farashi yana cikin databes ɗin MySQL 8.0, wato manhajar ajiye bayanai, a kan wata saba da ke ƙarƙashin teburin kashiya, ta jingina da katan ɗin taliya. A Samaru akwai ƙaramar saba da ke bin sawun babbar. Duk canjin da aka yi a nan, babbar ta rubuta shi a wani fayil da ake ce wa binlog, ta Samaru ta karanta ta biya, kamar dai almajiri da allonsa.

To ranar wata Litinin na leƙa na ga diski ya kai 96 cikin 100. Binlog ne ya taru, don 8.0 in ba ka taɓa shi ba na kwana 30 yake ajiyewa. Na je gun Alhaji na ce ranka ya daɗe akwai ɗan gyara. Ko ɗagowa daga kan kalkuleta bai yi ba ya ce, "Injiniya ka yi duk abin da za ka yi amma kar ka kashe min na'urar nan, ba ka ga layi har bakin titi ba?"

Na ce ai ba sai an kashe ba. Kuma gaskiya na faɗa fa, kunna binlog tun daga tushe shi ne sai an kashe saba an tada, amma rage kwanakin ajiya SET GLOBAL kawai ake yi, wato umarnin canza saiti, tana kan aiki. A tsohon MySQL 5.7 da hannuna ya saba da shi sunan abin expire_logs_days, ka sa 7 shi ke nan mako guda. A sabon kuwa binlog_expire_logs_seconds ne. Sunan ga shi nan ƙuru-ƙuru, sakan yake ƙirgawa, da idona na karanta, da yatsana na buga harafi bayan harafi, sannan na sa 7.

Na bi shi da FLUSH BINARY LOGS, umarnin da ke buɗe sabon binlog ya goge waɗanda wa'adinsu ya wuce. Diski ya zubo zuwa 41. Kai jama'a, har wani tafiya na canza, na fita na sayi awara ta ɗari biyar na ce a ƙara yaji.

Abin da ban sani ba, tun safe babu wuta a Samaru kuma man janareta ya ƙare, ƙaramar sabar tana kwance ba ta kwafi komai ba. Da tana haɗe tana karatu da ba a goge fayil ɗin da take kai ba, amma tunda ba ta nan, duk abin da ya wuce sakan 7 ya tafi. Almajiri ya tafi bara, malam ya wanke allo.

Bayan la'asar yaron Samaru ya kira. "Oga an kawo wuta, amma lafiya kuwa? Mutane sun cika shago kowa sukari yake so." Ashe da safe Alhaji ya ƙara kuɗin buhun sukari, Samaru kuma tana nan kan tsohon farashi, labari ya zaga har masu shayin bakin jami'a suna zuwa da keke napep. Na buga SHOW REPLICA STATUS don in ga halin da ta Samaru take ciki, sai ga lambar kuskure 1236 tana kallona, wai ba a ga fayil ɗin da ake nema ba. Awarar nan a wuya ta tsaya min.

Alhaji ya ce me ya samu Samaru. Na ce ranka ya daɗe netwok ne. Allah ya yafe min, netwok ɗin nan ya sha ɗaukar laifin da ba nasa ba.

Da sauri na mayar da shi 604800, wato kwana 7 na gaskiya, na lissafa sau uku a kalkuletar Alhaji. Na kwashi databes gaba ɗaya da manhajar kwafi ta mysqldump na zuba a filash, don in na ce ta intanet zan tura sai mu kai asuba, na haye acaba, cunkoso ya riƙe mu a Kwangila ina rungume da aljihu kamar mai ɗauke da zinare. Sai bayan isha'i ta Samaru ta kamo babbar.

Cikin dare kuma batirin inbata na Sabon Gari ya mutu, sabar da aka hana ni kashewa ta kashe kanta ta tashi da kanta. Da safe na duba, 2592000, kwana 30 ya dawo daram, don SET GLOBAL ba ya tsallake kashewa, SET PERSIST ya kamata in yi tun farko ya rubuta a mysqld-auto.cnf, fayil ɗin da saba ke karantawa in ta tashi. Na yi shi shiru ba wanda ya gani.

Alhaji ya shigo ya ga farashin Samaru ya daidaita, aka gaya masa na'ura ta mutu da dare ta tashi. Ya dube ni ya ce, "Ka gani ko injiniya? Da ma kashewa da kunnawa ne maganinta, duk ka bi ka wahalar da kanka."

Na ce haka ne ranka ya daɗe.