Kumburi ya sace, amma zuciyar fa ba ta warke ba

Da likita ya ce wa mutum zuciyarsa ta gaza, abin da ke fara zuwa masa a rai shi ne shi ke nan, sai a fara neman yafiya. Alhali fa ba tsayawa ta yi ba. Tana nan tana bugawa wajen sau 100,000 a rana kamar ta kowa, ƙarfin tura jinin ne ya ragu, ko kuma namanta ya yi tauri ba ta sakewa ta cika sosai. Lafiyayyar zuciya kan tura kashi 50 zuwa 70 cikin 100 na jinin da ke babban ɗakinta na hagu a kowane bugu, in hoton eko, wato hoton zuciya da ake ɗauka da na'ura a asibiti, ya nuna 40 ko ƙasa da haka to ta yi rauni. Yawanci hawan jinin da aka yi shekaru ana wasa da shi ne ke jawowa, sai toshewar jijiyoyin zuciya da ciwon suga.

Jinin da bai samu wucewa ba, baya yake komawa, ruwa ya taru a huhu da ƙafafu. Shi ya sa za ka ga takalmi ya ƙi shiga, ka danna ƙaurin mutum da yatsa wurin ya lotsa ya daɗe bai ciko ba, da dare kuma filo ɗaya ya koma uku har ta kai sai a zaune yake iya barci, don da ya miƙe numfashi ke sarƙewa.

Inda ni nake ganin an fi yin kuskure shi ne bayan an samu sauƙi. A ba mutum furosemide, maganin sa fitsari, ya yi ta fitsari kwana biyu, kumburi ya sace, numfashi ya dawo, sai ya ce ai ya warke ya tattara sauran ƙwayoyin ya jefa a durowa. To wannan maganin ruwa kawai yake kwashewa. Waɗanda ke rage wa zuciyar wahala su hana ta ƙara lalacewa, irin su bisoprolol da spironolactone da dapagliflozin (shi wannan asalinsa ma na masu suga ne), ba ka jin aikinsu a jiki nan take, kuma su ne ake fara yarwa.

Na san wani zai ce shan ƙwaya huɗu biyar kullum har ƙarshen rayuwa akwai gajiya, ga jiri a farko-farko. Gaskiya ne wallahi. Amma jiri abu ne da likita zai iya gyarawa ta rage ƙarfin maganin, ba kai za ka yanke hukunci a ɗaka ba. Haka ma masu haɗiyar ibuprofen ko diclofenac don ciwon gwiwa, su sani suna sa jiki riƙe gishiri da ruwa.

Kuma ruwan kan fara taruwa tun kafin ido ya gani, sikeli ne ke tona shi. A hau kullum da safe bayan an yi fitsari, in nauyi ya ƙaru da fiye da kilo 2 cikin kwana 3 a koma asibiti ko da ƙafa ba ta kumbura ba.