Jiya na yi wa 'yata tsawa a kan takalmi, wayata ta ƙaryata ni

Assalamu alaikum 'yan uwa. Wallahi ban yi niyyar rubuta komai yau ba, amma abin ya tsaya min a rai tun daren jiya, ko barcin kirki ban samu ba, na ce bari dai in fito in tona wa kaina asiri ko Allah zai sa wani ya kauce wa ramin da na faɗa.

Bayan isha'i ina kishingiɗe ina latsa waya sai ga 'yata ta biyu ta shigo ta durƙusa gefena, riƙe da takalmin makarantarta. Ya buɗe baki ta gaba, tafin ya rabu da saman, ashe kwana da kwanaki da zare take ɗaure shi, ta yi masa ƙulli har uku, zaren ma ya yi baƙi ƙirin don ƙura. Murya ƙasa-ƙasa ta ce, "Abba, takalmina ya ƙi gyaruwa, 'yan ajinmu dariya suke min." Ni kuma ko kallon kirki ban yi wa takalmin ba na hau ta da faɗa, ku kullum a kawo a kawo, kun ɗauka buga kuɗin nake yi, ba kwa ganin halin da ake ciki? Yarinya ta ce, "Ka yi haƙuri Abba," ta ɗauki abinta ta fita. Mamansu na tsaye bakin ƙofa, ba ta ce min uffan ba, kallona kawai ta yi ta saki labule.

Wannan kallon ne ya hana ni sakat. Can wajen ƙarfe 12 na ce bari in tabbatar wa kaina ni ke da gaskiya, na buɗe manhajar banki na shiga tarihin duk abin da ya fita tun ranar da albashi ya shigo, na ɗauko biro da bayan wata tsohuwar takarda na fara rubutawa ɗaya bayan ɗaya. Data sau 11 cikin kwana 23, kuma na san ba karatu na yi da ita ba, bidiyon mutanen da ba su san ina duniya ba na yi ta kallo. Wani iyafis da na yi oda don kawai na ga tallansa, alhali akwai guda biyu a durowa lafiyarsu lau. Wata manhaja da na yi rajista tun bara na manta da ita, duk wata ita ke zarar nata da kanta, rabon da in buɗe ta har na manta. Ciye-ciyen kan hanya da ba yunwa ce ta sa ni ba. Abin hawa zuwa inda ƙafa za ta kai ni cikin minti goma. Sai wata transfa da na yi a gaban abokai don kar a ce wane ya gaza. Da na haɗa jimilla sai da na sake lissafin sau biyu don ban yarda ba, kuɗin ya sayi takalmin nan sau huɗu har da canji.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ni ne fa na buɗe baki na ce wa yarinya babu.

Mun iya cewa kuɗin yanzu ba su da albarka, ni kaina na faɗa ya fi a ƙirga. Kuma ba na musun tsadar rayuwa, akwai bayin Allah da abin da suke samu ko sun matse shi kamar me ba zai kai su ƙarshen wata ba, waɗannan ba da su nake ba, Allah Ya buɗa musu Ya rufa musu asiri. Da ire-irena nake, mu da abin yake shigowa daidai gwargwado amma in ka tare mu ranar 15 ga wata ka ce ina kuɗinka suka tafi sai mu hau kame-kame. Mutum ya ɗebi ruwa a bokiti mai yoyo, ya iso gida ya tarar da rabi, sai ya zauna yana zagin rijiya. Haba ɗan uwa. Ka taɓa juya bokitin ka duba gindinsa?

Abin da ya fi ba ni kunya shi ne ba wani babban abu ne ya cinye kuɗin ba, da ma wata babbar hidima ce sai in ce to ga uzuri. 'Yan ƙanana ne, irin waɗanda in kana biya kake cewa ai wannan ba komai ba ne. Da yayyafi kogi kan cika, mu kuma da yayyafin namu yake ƙafewa. Don Allah ka gwada, ɗauki abu ɗaya tak da kake saye kullum ba dole ba, ka ninka kuɗinsa sau 30, in zuciyarka na da ƙwari ka ninka sau 365, sannan ka ajiye shi kusa da kuɗin hayarka ko kuɗin makarantar ɗanka ka kalle su tare.

Kuma fa duk mun haddace ayoyin, ba sai na tsaya jan baki ba. Yaro ƙarami ma ya san Suratul Isra'i ta kira masu almubazzaranci 'yan uwan shaiɗanu a aya ta 27, amma mu a tunaninmu almubazzari shi ne attajirin da ke watsa kuɗi a bainar jama'a, mu ai talakawa ne me muke da shi da za mu ɓarnatar. To wallahi talaka ma yana almubazzaranci, nasa ma ya fi ciwo, don shi attajiri rarar da ta yi masa yawa ya zubar, kai kuwa takalmin 'yarka ka zubar.

Sai bashi. Kai, bashi! Bashi hanji ne yana cikin kowa, da wannan maganar muke lallashin kanmu muna ƙara nutsewa. Yanzu ma an sauƙaƙa mana halaka, kana kwance kan gado za ka latsa waya sau uku a turo maka, da ruwansa a kai, ba wanda ya ga fuskarka balle ka ji kunya. Ka ci na wannan ka biya wancan, albashi na shigowa alat biyu uku ya bi bayansa an kwashe, kai da ka yi aikin wata guda ko ɗuminsa ba ka ji ba. Daga nan sai ƙarya ta shigo, lambar da ka sani ta kira ka kifa wayar, a aiko yaro ka ce a ce ba ka nan. Nana A'isha ta ruwaito cewa Annabi (SAW) yana yawan neman tsari daga zunubi da bashi a cikin sallah, da aka tambaye shi dalili sai ya ce mutum in ya ci bashi zai yi zance ya yi ƙarya, ya yi alkawari ya saɓa. Ka duba rayuwarka ka ga ko ba haka ba ne, ni dai na duba tawa. An taɓa kawo wa Annabi (SAW) gawa ana bin mamacin dinari 3 kuma bai bar abin biya ba, ya ce ku sallaci ɗan uwanku, sai da Abu Ƙatada ya ɗauki nauyin bashin sannan ya sallace shi. Dinari 3 fa. Kai nawa ake bin ka, kuma wa ya sani bayan kai? Matarka ta sani? In yau aka wayi gari babu kai, a ina za a ga rubutun? Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, amma mu sai mu ce ai akwai yarda, ai a kaina yake.

A kanka yake, ni ma haka na ce, sai da biro ya ƙaryata ni.

To ni ga abin da na ƙudura, kuma ina faɗa a nan ne don ku zama shaidu in na karya ku tuna min. Da asuba bayan na dawo masallaci na kira mamansu na miƙa mata takardar nan, na ce karanta. Ta karanta shiru, ta ɗago ta ce, "Abban yara, shekara nawa ina son mu zauna mu yi wannan lissafin, in na ɗauko maganar sai ka ce ina maka bincike." Ban da amsa. Gaskiyarta ne, shekarunmu tare ba ta taɓa sanin nawa nake ɗauka ba, ina ɓoyewa wai kar ta raina ni ko kar ta ƙaro buƙatu, ashe ita a duhu take tsara gida, ni kuma ina jin haushin ba ta tattali. Ta yaya mutum zai yi tattalin abin da bai san iyakarsa ba?

Mun ware littafi guda, mai arha irin na 'yan makaranta, duk abin da ya fita daga hannuna ko nata sai an rubuta kafin a kwanta, komai ƙanƙantarsa, har kwana 30 tukuna mu ga fuskar ɓarawon namu. Ranar da kuɗi suka shigo kuma kafin a taɓa komai za a fara cire na ajiya, ko kashi ɗaya cikin goma ne, in bai yiwu ba ɗaya cikin ashirin, a kai shi asusun da ba shi da kati kuma babu manhajarsa a wayata, don na san halina. Da can cewa nake in an yi saura a ƙarshen wata zan ajiye, yau shekara nawa ban taɓa ganin sauran nan da idona ba. Haya da kuɗin makaranta kuwa, waɗanda muka san ranarsu tun farkon shekara amma kullum sai su zo mana kamar gobara, za mu raba su gida 12 muna cirewa duk wata. Ba a fafe gora ranar tafiya. Annabi Yusuf (AS) cewa ya yi a yi noma shekara 7 a bar abin da aka girbe a zangarniyarsa sai ɗan wanda za a ci, saboda 7 masu tsanani da ke tafe, kuma ya inganta cewa Manzon Allah (SAW) yana ajiye wa iyalinsa abincin shekara. Don haka mai ce maka ajiya rashin tawakkali ne ka tambaye shi ko ya fi su tawakkali.

Manhajar can da ke zarar nata duk wata na kashe ta tun daren, na cire sabuntawar da data ke yi da kanta. Duk abin da ido ya gani ya so wanda ba dole ba, sai ya kwana uku, in har bayan kwana ukun ina tuna shi to a yi magana. Kasuwa ba za a shiga ba sai da rubutaccen abin da za a sayo. Basussuka kuma na jera su duka da sunan mai shi da ranar biya, na ba ta kwafi, mai ruwa a kai shi za mu fara kashewa in tuba in huta.

Amma tsaya, kar wani maƙo ya ɗauki rubutun nan ya je ya ƙuntata wa iyalinsa ya ce ai ga nasiha. Na san ku, akwai wanda zai ƙirga wa matarsa ashana amma shi a waje hannunsa a sake yake kamar famfo. Ka ji tsoron Allah. Hindu bint Utba ta kai ƙarar mijinta Abu Sufyan wajen Annabi (SAW) cewa mutum ne mai riƙo ba ya ba ta abin da zai ishe ta da ɗanta, aka ce ta ɗauki abin da zai ishe su gwargwadon yadda aka saba. Ayar da ta hana shimfiɗa hannu gaba ɗaya ita ce dai ta fara da hana ƙuƙunce shi a wuya. In za a rage, daga aljihunka za a fara, daga datarka da yawonka da burgarka, ba daga cikin yara ba.

Ku ma iyayenmu mata da ƙannena ba zan ƙyale ku ba. Wance ta sa hoton sabon kaya, ke ma sai kin saya ko da biya kaɗan-kaɗan ne, kin san ko ita ma aro ta yi ta ɗau hoton? A dafa abin da ya fi ƙarfin gida da safe a kwashe a zubar, fitila da fanka suna ta aiki a ɗakin da ba kowa, abu ya ɗan lalace maimakon a kai gyara sai a jefar a ce a sayo sabo. An ce mu dubi wanda ke ƙasa da mu kar mu dubi na sama, don kar mu raina ni'imar Allah, mu kuwa mun sa na saman a tafin hannu muna kallonsu tun safe har dare, da datar da muka saya da kuɗin cefane.

Don girman Allah ɗan uwa, yau ɗin nan kafin ka kwanta ka buɗe tarihin asusunka ka ɗauki biro. Kar ka ce sai farkon wata, na san wannan farkon watan, ba ya zuwa. Ka kira matarka ku zauna, ke ma ki kira mijinki cikin lalama ba da gori ba. Don Allah ku rubuta, don Allah.

Ni yanzu zan tashi, an kusa tashinsu daga makaranta, ina so in riga ta isa gida da takalmin a hannuna. Har yanzu ban san da wane baki zan ce mata Mamana ki yafe wa Abbanki ba. Ku sa ni a addu'a.